Kujerar Bayan Motar Mahmuda

Mahmuda ya cire kujerar bayan motarsa don ta ƙara gudu, shi ya sa ranar da kububuwa ta sari kakansa Malam Jibo a gona aka rasa inda za a kwantar da tsohon, aka kuma rasa inda matarsa Dada za ta zauna ta riƙe masa kai. A kujerar gaba aka lanƙwasa shi kamar tabarma. Bai kai asibiti ba. Bai ma kai bakin hanya ba.

Daga Birchi har Dutsin-Ma kowa ya san wannan, amma babu wanda ya faɗa wa yaron a fuska. Maza suka ce kwana ne ya ƙare, suka shafa fatiha, suka watse. Uwarsa Inno kuwa ɗan fari ne a wurinta, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsare shi da faɗa. In ya shigo ta ƙofa sai ta juya ta kama gyaran murhun da bai lalace ba. Ubansa, wanda shi aka yi wa mutuwar uba, shi ma kunyar ɗan fari ta ɗaure masa baki. Haka aka bar ƙato da gashin baki yana yawo cikin jan ƙarfensa, kowa na kawar da kai. Mutum ɗaya ce al'ada ta ba bakin da za ta wanke shi tas a bainar jama'a, ya kuma tsaya ya yi dariya. Ita ce kakarsa Dada, ita kuwa tana cikin takaba.

Motar 'yar ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu. Wani Baturen gona ne da zai koma ƙasarsu ya sayar masa a 1964, shi kuma Mahmuda, da yake malamin auduga ne a Dutsin-Ma, albashinsa ba zai kai ko'ina ba, sai ya kaɗa shanunsa kasuwa. Shanun nan kuwa duk jikokin karsanar da Malam Jibo ya ba shi ne ranar sunansa. Da motar ta shigo hannu sai ya kai wa Rabe bakanike. Rabe ya fitar da kujerar baya, ya ɗaure tayar safaya da galan na fetur a gurbinta, ya yanke salansa don ta riƙa ruri, ya rage sifirin har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Wai haka Turawan tsere suke yi.

Ga shi yanzu matar Mahmuda, Hawwa'u, ta koma goyon ciki gidan iyayenta, a unguwar su Dada ta bayan Birchi, tsallaken rafin da Malam ya cika a cikinsa. Cikin fari ne, ƙafafunta sun kumbura kamar turmi, unguwarzoma tana ta girgiza kai, haihuwar kuma da farkon damina za ta zo. In abu ya ɓaci, duk faɗin yankin babu motar da za su iya kira sai wannan.

Washegarin fita takabarta Dada ta yafa mayafi, ta hau motar kasuwa, ta sauka Dutsin-Ma, ta tambayi garejin Rabe. A gindin wata tsamiya ta same shi, yana zaune yana ɓarar gyaɗa a kan wata doguwar kujera mai jar fata da aka jingina da itacen.

"Lale, Dada, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Da godiya. Tashi."

"Na'am?"

"Tashi mani daga kan kujerar mijina."

Rabe ya miƙe, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarsa. Dada ta karkaɗe wurin da gefen mayafi, ta zauna. Laushi kamar an shimfiɗa auduga. Ta auna tsawonta da ido. Da an ɗan naɗe masa gwiwa, da Malam ya shige, kansa a cinyarta.

Mahmuda ya zaro kai daga cikin injin, hannu duk baƙin mai. Tun ranar jana'iza bai yarda sun haɗa ido ba. Ya zo ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa.

"Barka da zuwa, Dada. Kun zo lafiya?"

"Yau kuma durƙuso? Wa ya mutu? Tashi, miji ba ya durƙusa wa matarsa a gaban baƙi."

Ya ɗago a hankali. Ya san ta buɗe wasa, wanda kuwa kakarsa ta buɗe wa wasa ba shi da hanyar gudu, in ya ɓata rai gari ya yi masa dariya. Ya lalubo murmushi ya liƙa a fuska.

"Ke amarya, jiya-jiya kika fita takaba, har kin fara bin maza gareji?"

"To mi zan jira? Ka kawar da abokin takararka, fili ya zama naka, na zauna ina sauraren goronka. Sai ga sabulu da sukari. An ce maka wanki nake, ko shayi nake sayarwa?"

"Ni ban auren tsohuwa mai haƙori uku."

"Huɗu ne. Na ɓoye ɗaya can ciki don cizonka."

"In na kai ki gidana ma ina zan aje ki? Kaji su tsince ki su zaci tsohuwar kuɓewa ce."

"Gidanka? Wanga ɗakin hayar da ɓera ke shiga ya fito yana kuka? Ni da na auri mai shanu, zan koma wa mai galan?"

Rabe ya yi dariya, ya ga babu wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

Dada ta nuna motar da haɓa. "Mi ake yi wa wannan karuwar taka kuma, aka buɗe mata ciki?"

"Kafireto ake ƙara mata. Biyu za ta zama."

"Mi ne ne shi?"

"Maƙogwaronta ne, inda take shan mai."

"Af! Maƙogwaro biyu, babu mazauni. Ashe kamarku ɗaya. Ga ci, ba a mora."

"Ba ki san mota ba, tsohuwa. Wannan in na taka ta daga nan, kafin ki gama atishawa ina Kurfi. Kafin ki ce alhamdulillahi ina ƙofar Katsina. Shaho ya taɓa bin mu, a Tsauri ya faɗi ya nemi ruwa."

"Ai ba sai ka rantse ba, na gani da idona. Rannan ma kafin in gama atishawa kana rafin bayan gida. Na gama atishawa, na yi alwala, na yi la'asar, kana rafin bayan gida."

Murmushin ya zame daga fuskar Mahmuda. Rabe ya sunkuya ya kama neman sifanar da ke hannunsa.

"Kai Rabe, ban ma gode maka ba," in ji Dada. "Ka yi mani alheri babba da ka yanke mata bututun hayaƙin nan. Da ba don kai ba, da ina tsakar gida ina zaton sun kai Katsina. Amma ina tsaye bakin rumbu na ji tashinta. Na ji ta wuce gonar gero. Na ji ta gangara rafi. Daga nan sai kukan ya tsaya wuri ɗaya, tana ruri, tana ruri, kamar saniyar da aka ɗaure za a yanka. Kukan bai matsa gaba ba, bai dawo baya ba. Sannan ya yi tsit. Ko ɗan aike ban bukata ba. Na ɗauki takalmina a hannu na bi sawun taya."

"Dada, a bar maganar nan," Mahmuda ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wace magana? Wasa nake da mijina. An hana?"

"Ba a hana ba."

"To amsa mani. Ko bakin ma Rabe ya cire don ka ƙara gudu?"

Mahmuda ya goge hannu a tsumma, ya sake gogewa, bai bar komai ba sai ƙarin baƙi. "Kwana ne ya ƙare. Liman ya faɗa, kowa ya faɗa. Kububuwa in ta sari tsoho kamar Malam, ko a ƙofar asibiti ne..."

"Liman ya yi gaskiya. Kwana na Allah ne, ban hawo motar kasuwa ina shaƙar warin awaki don in nemi kwana wurinka ba. Ko jirgin sama ka kawo, in ranar ce, ranar ce. Amma kujera ba ta Allah ba ce, taka ce. Da tana ciki, da ya cika kansa a cinyata. Tun ina budurwa nake dama mashi fura, ruwan ƙarshe ban ba shi ba. Na tsaya a ƙofar gida da mayafina a hannu, na ce ina zan zauna, ka ce mani babu wuri. Akwai wurin taya, akwai wurin galan, babu wurin Dada."

Wata akuya ta zo ta sunsuni ɓawon gyaɗa ta wuce.

"Abu ɗaya nake son ji," ta ce. "Kowa na tambaya sai ya ce mani ya cika da kalmar shahada, don in yi shiru. Kai kaɗai ke wurin. Mi ya ce?"

Mahmuda ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar motar.

"Ina ƙarƙashinta ina tonon yashi da hannu. Cikinta ya zauna daram, tayoyin suna juyawa a banza. Ina kiransa yana amsawa. Sai ya ce, 'Kai ɓarawon mata.' Na ce na'am. Ya ce, 'Karsanar da na ba ka ta fi wanga abu iya taka yashi.'"

Dariya ta kuɓuce wa Dada, irin wadda ba a shirya mata ba, ta fito da tari da hawaye tare. Ta dafe ƙirji. "Shi ne! Wallahi shi ne! Jini na fita ta dasashinsa, bai fasa ba!"

"Ya ce in na gaje ki in riƙa ɓoye goro, don ɓarauniya ce ke."

"Ƙarya yake yi mani har a bakin kabari. Sai kuma mi?"

"Ya yi shahada. Wannan gaskiya ne, na ji da kunnena," in ji Mahmuda. "Amma kafin nan ya ce in ruga in kira ki. Na ce bari in fid da motar tukuna, saura kaɗan."

Dada ta share ido da bakin mayafi, ta daɗe tana sharewa. Da ta sauke mayafin fuskarta ta bushe.

"To. Wancan ya tafi, ba ya dawowa. Saura mai ciki."

"Dada!" Mahmuda ya waiga ya dubi Rabe, ya dubi hanya, kunnuwansa kamar su kama wuta. Yaron kirki ba ya zancen cikin fari na matarsa, ko a gaban abokinsa.

"Ciki na ce! Ciki! Da kana yin sa ba ka ji kunya ba, sai faɗinsa? Uwarka tana jin kunyarka, ubanka yana jin kunyarka, kai kana jin kunyar cikin Hawwa'u, surukanka suna jin kunyar su aiko maka. Kowa ya rufe baki yana mutunci, yarinya tana kumbura. Ni ban da kunya, na sayar da ita tun zamanin fara. Ka ga ƙafafunta?"

"Ban je ba."

"Na sani. Zoben hannunta sai da aka kira maƙeri ya yanke. Unguwarzoma ta ce in abin ya zo da gardama ba aikinta ba ne, sai asibiti. Ran nan yashi ne kawai a rafin. Wannan karon ruwa ne da laka. Gaya mani, angona, a ina za ka lanƙwasa mai naƙuda? Kan galan? Ko ita ma za ka ce mata saura kaɗan?"

"Sai a nemi babbar mota."

"Wace? Ta kasuwa, mai zuwa ran da ta ga dama? Ko za mu ce wa jaririn ya dakata sai ran kasuwa, direba na Funtuwa?"

Mahmuda ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "In na mayar da kujerar nan, gari zai ce ashe ita ce. Ashe na sani."

"Gari ya riga ya ce, a bayan kunnenka. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba, don kai ɗan fari ne, ɗan lele, ƙwai a cokali. Kana nan kana ƙara mata maƙogwaro don a ce ba ka yi nadama ba. Wa kake ruɗa? Kana tsammani ban san ba ka ƙara bin hanyar Birchi ba tun ranar? Mota mai tsere da shaho, tana tsoron rafin da yara ke tsallakewa da tallan nono a kai."

Rabe ya gyara murya. "Ni dai, Dada, abin da mai mota ya ce shi nake yi."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. "In ya ce ka cire birki fa?"

"A'a, wannan kuma..."

"Kai ba ɗan Rekiya mai daddawa ba ne? A rafin nan ba ka yi wanka tsirara ba, ina wanke ƙwarya ina korar ka? Baturen da ya koya maku wannan, ƙasarsu kwalta ce har bakin masai, shi ba shi da laifi. Kai ka san yashin Birchi, ka san inda jaki ke nutsewa har gwiwa. Ka kwantar da mota ƙasa kamar ƙadangare, ka karɓi ladanka, ka samu kujerar cin gyaɗa a kyauta. Wannan yaro ne da ya ga ja ya haukace. Kai mi ya haukata ka?"

Rabe ya ajiye sifanar, ita kuwa ta ci gaba.

"Ƙarafan da ka zare daga ƙarƙashinta suna ina?"

"Suna nan cikin tarkace."

"Bututun fa?"

"Shi ma yana nan. Sai dai a yi mashi walda."

Mahmuda ya miƙe tsaye. Ya zagaya motar sannu a hankali, ya shafa jan fentin da yake gogewa kowace safiya da tsohon rawani. Ya leƙa ta taga, ya dubi gurbin baya, taya da galan a ɗaure da igiya.

"In aka ɗaga ta, aka mayar da kujera da salansa, ta zama motar tsofaffi," ya ce. "Ko mai keke sai ya wuce ni yana fito."

"Sai ka yi mashi sannu. Ai dama tsohuwa za ka aura."

"Abokaina su ce Mahmuda ya koma direban kaka."

"Su ce. Ka ce masu kakar ta fi matansu kyau."

"Da haƙori huɗu?"

"Uku. Na huɗun yana jikinka tun ɗazu, ba ka ji ba?"

Sai ya yi dariya. Ba mai daɗi ba ce, ta fito a karye, ya kife goshi a kan rufin motar, kafaɗunsa na rawa, har ba a iya cewa ga inda dariyar ta tsaya wani abin ya fara. Dada ta kawar da kai ta dubi tsamiya, ta bar shi ya gama. Da ya ɗago ya sa hannu a aljihu, ya zaro makullin motar, ya zo ya ajiye a tafin hannunta.

"Ga sadakinki, tsohuwar banza. Kin fi ƙarfina. Malam ya ce ɓarauniya ce ke, ban yarda ba sai yau."

"Sadakin tsiya, ko haihuwa ba ya yi." Ta ƙulle makullin a bakin zaninta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. "Na karɓa don babu wani manemin."

"Sabon kafireton fa?" Rabe ya tambaya a hankali. "An riga an sayo."

"Ku dafa ku ci."

"Salansar kuwa ai ba ita ta hana..."

"Mayar da ita. Ban ƙara tsayawa bakin rumbu ina sauraren inda kukanta ya tsaya. Wannan karon ina ciki."

Ta dafa gwiwa ta miƙe daga kan kujerar, ta koma gefe, ta gyara mayafi.

"Rabe, hannunka ya cire, hannunka zai mayar. Kama wancan gefen. Kai kuma, angon ƙarya, kama wannan. Ku fid da taya da galan, ku sa ta inda take, ku ɗaure ta da kyau. Ku mayar da ƙarafan nan har in ga haske a ƙarƙashin cikinta. In kun gama, ni zan kwanta a baya, miƙe, kamar mai naƙuda, ka tuƙa ni har unguwarmu ta cikin rafin nan, ba ta zagaye ba. Rabe ya zauna gaba, in ta nutse shi zai tona da hannunsa. Mu tsallaka, mu dawo, mu sake tsallakawa, sannan ka shiga gidan surukanka ka dubi ƙafafun matarka da idonka. Ba gobe ba, ba ran kasuwa ba. Yau, kafin la'asar. Mi kuke kallo? Ku ɗauka!"